Labaran Da Ke Hana 'Ya'yanmu Barci

Wata Laraba bayan sallar Isha'i wata maƙwabciyarmu ta shigo wajen maiɗakina, ta ce a yi mata magana da ni. Na fito na tarar da ita riƙe da wayar 'yarta kamar wadda ta kamo ɓarawo. Yarinyar tana aji biyu na babbar sakandare. Uwar ta ce dare uku ke nan tana farkawa wajen ƙarfe biyu ta ga haske a ƙarƙashin bargo. Ta ɗauka saurayi ne, ta yi kwanton ɓauna ta fizge wayar, sai ta ga rubutu ne zalla. Ta sa ƙanin yarinyar ya karanta mata kaɗan, sai ta ji ana maganar wata budurwa da ta kulle kanta a banɗaki da kwalbar kodin, ga kuma wani yaro da ya ɓoye wuƙa a cikin jakar makaranta.

Ta ce, "Malam, don Allah duba min. Wannan karatu ne ko lalacewa?"

Na ce, "Hajiya, ki ba ni lokaci. Ba na yanke wa littafi hukunci ban karanta shi ba."

Na roƙi yarinyar ta turo min wannan labarin da duk ire-irensa da take da su. Ta turo guda tara. Wata biyu na yi ina bin su, wasu a WhatsApp, wasu a Wattpad, ɗaya kuma na saurare shi a YouTube inda ake karanta shi da murya. Abin da zan rubuta a nan shi ne amsar da nake bin Hajiya bashi, kuma na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba a Dutse Alhaji. Ba zan ambaci sunayen labaran ko marubutansu ba, domin yawancinsu yara ne masu tasowa, kuma maganata a kan salon ce gaba ɗaya.

Yadda labaran suke

Wanda ya saba da littafin takarda zai yi mamakin yadda ake sayar da labari yanzu. Marubuciya, don yawanci mata ne, takan buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ta riƙa sakin feji ɗaya ko biyu kullum. Na farko-farko kyauta ne. Daidai inda labari ya ɗauki zafi, inda aka ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare ko aka ji ƙarar bindiga, sai ta ce kyauta ta ƙare, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ko katin waya. Masu karatu kuma suna nan a zauren, suna yi wa marubuciya sharhi nan take, wannan ta ce kada a kashe wane, waccan ta ce a wulaƙanta wance. Sau da yawa marubuciyar takan bi ra'ayinsu. Ke nan labarin ana dafa shi ana ci ne a lokaci guda.

Cikin taran da na karanta, biyu soyayya ce irin wadda muka sani. Sauran bakwai ɗin su ne abin magana, domin duhu ne jigonsu. Akwai marainiyar da kishiyar uwa ta azabtar har ta faɗa shaye-shaye. Akwai yaron da aka kai almajiranci yana ɗan shekara shida, ya girma a tasha, ya zama ɗan daba. Akwai 'yar makarantar kwana da ta san wani sirri a kan mutuwar ƙawarta, ana bibiyar ta. Akwai wadda wani na cikin gida ya ci zarafinta, aka rufe maganar don kare sunan dangi, ta girma da wutar ramuwa a zuciya. Jaruman duk 'yan shekara goma sha huɗu zuwa ashirin ne, wato sa'o'in masu karatun. Kuma babu ɗayansu da za ka ce yaron kirki ne kai tsaye. Sun yi ƙarya, sun yi sata, wasu sun zubar da jini, amma an rubuta su ne yadda mai karatu zai tsaya a bayansu.

Wannan shi ne abin da ya tayar wa Hajiya hankali, kuma ban ga laifinta ba.

Abin ba yau ya fara ba

Sai dai kafin mu ce yaran zamani sun lalace, mu tuna abin da mu muka karanta. A cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa, waɗanda suka fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida Wusasa ya rubuta tare da East ɗin. Da yawanmu a aji aka karanta mana shi. To mene ne a ciki? Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya samu, ya sauke shi a kan ɗan da suka haifa, Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, ya gagari kowa, har ranar da ya shiga wani gida sata ya kashe mai gidan, ashe mahaifinsa ne. Ɗa ya kashe ubansa! A gaya min wane labarin waya ne ya fi wannan duhu. Amma malamanmu suka koyar da shi, iyayenmu ba su ƙona shi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya bar ƙauye ya shiga birni da zaton arziki na nan a zube, ya faɗa hannun miyagun abokai. Mu da muke zaune a gefen Abuja mun fi kowa sanin wannan labari, don kullum mota na sauke mana irin wannan saurayi da 'yar jakarsa a bakin kasuwar Dutse. A 1982 kuma aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Jaruminsa Mailoma ɗan Maguzawa ne da ya ga yaƙin basasa, ya fito ya tara 'yan ta'adda a ƙarƙashinsa. Akwai kisa, akwai ƙwaya, akwai makamai. Na karanta shi ina aji uku, a ɓoye, da fitilar ƙwai, kuma na yi kwanaki ina ganin Mailoma a mafarki. Bambancina da 'yar Hajiya kaɗan ne: ni kananzir na ƙona, ita data.

Waɗanda suka yi boko a wancan zamani za su tuna da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, na 1960, labarin ramuwar gayya da aka gina a ƙasar Arewa, kuma don yara 'yan makaranta aka buga shi. Za su tuna da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, inda Mohammed Sule, Bakano, ya fito da The Undesirable Element a 1977 yana ɗan saurayi, ya biyo da The Delinquent. Can baya kuma, kafin boko, akwai tatsuniya. Wace kaka ce ba ta tsoratar da jikokinta da Dodo ba, ko da labarin marainiyar da kishiyar uwa ta aika kogi mai nisa? Yaro yana son a ba shi tsoro yana zaune kusa da wuta, domin a nan ne yake gwada zuciyarsa ba tare da ya ji ciwo ba. A ƙasashen Turawa ma haka abin yake. Littafin da ake yawan cewa shi ya buɗe wa adabin matasa ƙofa a Amurka, The Outsiders na 1967, labarin faɗan gungun samari ne, kuma wata yarinya S. E. Hinton ta fara rubuta shi tun tana sakandare.

Saboda haka duhun labari shi kaɗai bai isa ya zama laifi ba. Tambayar da ya kamata mai nazari ya yi ita ce: me marubuci ya yi da duhun?

Inda suka burge ni

Zan fara da yabo, domin akwai abin yabo. Na farko, yaran nan sun iya riƙe mai karatu. Ni da na zauna da niyyar neman aibi, sau biyu na kai ƙarfe ɗaya na dare ina cewa bari in ƙara feji ɗaya. Labarin 'yar makarantar kwana ɗin nan, marubuciyar ta san abin da za ta ɓoye da lokacin da za ta saki. Tun a farko ta nuna mana wani ɗan kunne guda da aka tsinta a bayan ɗakin kwana, ta yi shiru da maganarsa har mai karatu ya manta, sai can wajen ƙarshe aka ga ɗan'uwansa a kunnen wadda ba wanda ya zarga. Wannan gwaninta ce, kuma ba a aji aka koya mata ba.

Na biyu shi ne harshe. Hirar da ke cikin labaran ita ce Hausar da ake yi a layin ɗibar ruwa da cikin Keke Napep, da barkwancinta da gatsenta da habaicinta. Littattafan da muke ba yara a makaranta sau da yawa mutanen cikinsu suna magana ne kamar masu karanta labarai a rediyo. A nan kuwa idan 'yan mata biyu suna faɗa, kana jin muryarsu. Kuma mu lura da wani abu da ya shafe mu musamman. Yaranmu na nan Abuja makarantarsu da Turanci ake yi, wasansu a layi da Turancin buroka, da yawansu ba a taɓa koya musu rubutun Hausa ba. 'Yar Hajiya ta gaya min a waɗannan labaran ta koyi karanta Hausa da sauri. Duk abin da ya sa yaron da aka haifa tsakanin Kubwa da Bwari ya karanta dubban kalmomi da harshen uwarsa, bai kamata a yi saurin jefa shi a wuta ba.

Na uku, kuma mafi nauyi, suna faɗin abin da mu manya muka rufe. A 2018 sashen binciken BBC ya fitar da fim a kan yadda kodin ke cin matasan Nijeriya, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a kan shekarar 2017 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Janairun 2024 masu garkuwa da mutane suka shigo har Sagwari, nan kusa da mu, da wasu unguwannin Bwari. Yaranmu sun ji harbin, sun ga iyayensu suna raɗa, amma wa ya zaunar da su ya yi musu bayani? Mun ce su yi shiru su kwanta. Labarin waya bai ce musu su yi shiru ba. Yarinyar da wani abu ya same ta a gida, ta rasa wanda za ta gaya wa, idan ta karanta labarin wata irinta, aƙalla ta san ba ita kaɗai ba ce, kuma abin yana da suna.

Inda suka gaza

Yanzu ga inda nake da ja, kuma jan ba ƙarami ba ne.

Babban rauninsu shi ne dalili. A Jiki Magayi an yi asiri, gaskiya ne, amma asirin yana da tushe: babba ya yi zalunci da ƙarfin dukiyarsa, wanda aka zalunta ya zarce iyaka a ramuwa, yaron da bai ci ba bai sha ba ya biya. Mai karatu yana rufe littafin yana tambayar kansa, laifin wa ya fi? A labaran waya kuwa an sauƙaƙa lissafin. Kishiyar uwa muguwa ce tun daga haihuwarta, ba ta da wani dalili, ba ta da ranar tausayi. Boka yana nan a bayan kowane tsautsayi. Uba kullum an mallake shi, don haka ba shi da alhaki. Cikin bakwai ɗin, biyar haka suke. Alhali yaron da ke shan sholisho a bayan kasuwa, idan ka zauna da shi, za ka ji maganar kuɗin makarantar da ya gagara, da ɗaki ɗaya da mutum takwas ke kwana, da uban da ke fita kafin asuba ya kama motar cikin gari ba ya dawowa sai yara sun yi barci, da rusau ɗin da ya tashe su daga inda suke da. Labarin da ya ɗora komai a kan boka ya koya wa yarinya ta zargi matar babanta, bai koya mata ta fahimci gidansu ba.

Na biyu, ana yi wa ɓarna kwalliya. Ɗan daban da ke cikin ɗaya daga labaran dogo ne, kyakkyawa, mai ƙamshin turare, ba ya magana sai da ido, kowa na tsoronsa, mata na rububinsa. An ɓata feji arba'in ana nuna mana isarsa, sai a feji na ƙarshe ya tuba, ya tafi Umara, ya auri jarumar. Wannan tuban na rufe bakin masu suka ne kawai. Abin da zai zauna a ran yaro ɗan shekara goma sha biyar shi ne fejin arba'in ɗin. Ku gwada da Mailoma. Bature Gagare bai rage masa ƙarfi ba, amma bai sa ka yi sha'awar zama shi ba, tsoronsa kake ji, kuma tun daga sunan littafin an gaya maka inda alewar za ta ƙare. Wanda ya taɓa ganin ɗan daba na gaske, da tabon sara a fuska da haƙoran da ƙwaya ta cinye da uwar da ke zaryar ofishin 'yan sanda, ya san ba ƙamshin turare a lamarin.

Na uku ya fi ba ni tsoro. Labari biyu sun wuce nuna shaye-shaye sun koma koyar da shi: sunan magani, abin da ake haɗa shi da shi, yadda ake ɓoye warin daga iyaye. Ɗaya kuma ya zayyana yadda wata ta yi yunƙurin kashe kanta, dalla-dalla, sannan aka nuna duk waɗanda suka ɓata mata suna kuka suna nadama, kamar dai ta ci nasara a kansu. Wannan haɗari ne na gaske. A Amurka an yi irin wannan muhawara a kan Thirteen Reasons Why, littafin Jay Asher na 2007, bayan Netflix ya mayar da shi fim mai dogon zango a 2017. Likitoci da malamai suka yi ta ƙorafi, har a 2019 kamfanin ya cire wurin da aka nuna yarinyar tana kashe kanta. Marubuci na iya sa mu ji zafin abu ba tare da ya ba mu hanyar yin sa ba. Wanda ya kasa bambance waɗannan biyun bai gama koyon sana'arsa ba.

Na huɗu, tsarin kasuwar yana ɓata labarin. Tunda kowane feji sai ya ƙare da fargaba don a dawo gobe, sai masifu su yi ta hawa kan juna babu numfashi. Jaruma ɗaya an sace ta sau uku, ta yi haɗarin mota sau biyu, ta manta kanta, ta tuna, ta sake mantawa. Tun ina jin tausayinta har na koma ƙirga. Fargaba kamar barkono ce, idan ta yi yawa harshe ya daina jin komai. Ga kuma rashin mai gyara. Ba a bambance "ƙ" da "k", ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Turanci inda Hausa ke da kalmarta tsaf. Yaron da a nan yake koyon karatun Hausa, da kurakuran zai tashi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi yi min ciwo a matsayina na ɗan unguwar nan. Labari huɗu a Abuja aka ce suna faruwa, amma Abujar Maitama ce da Asokoro, gidaje masu ruwan wanka a tsakar gida, da jirgin Dubai. Mai ceton jaruma kullum ɗan minista ne ko babban soja. Babu mai ruwa da kurarsa, babu cunkoson hanyar Kubwa da safe, babu Bagwariyar da ke sayar da doya, babu maƙwabci Ibo ko Bayarabe da ake raba mita ɗaya da shi, babu duwatsun nan da suka ba garin suna. Yarinya tana zaune a Dutse Alhaji tana karanta cewa rayuwa ta gaske tana can wani wuri, kuma mafita ita ce wani mai kuɗi ya gan ta. Alhali an riga an nuna cewa irin unguwanninmu na iya ɗaukar babban labari. Abubakar Adam Ibrahim ya gina Season of Crimson Blossoms a Mararaba, da shugaban 'yan iskan unguwa mai suna Reza wanda 'yan siyasa ke amfani da shi, kuma littafin ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Elnathan John ya bi rayuwar almajiri Dantala a Born on a Tuesday. Waɗannan na manya ne, kuma da Turanci suke, ban ce a miƙa wa 'yar aji biyu ba. Na kawo su ne don marubutanmu su ga cewa lungu da kwata ma suna da labari.

To a hana su ne?

An gwada. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Niyyar mai kyau ce, ba na musu. Amma littafin da aka ƙona a fili ya koma cikin waya, inda babu hukumar da ke ganinsa, kuma wanda ke cikin wayar yau ya fi wanda aka ƙona zafi nesa ba kusa ba. A da uwa na iya ɗaga katifa ta ga abin da 'yarta ke karantawa. Yanzu sai da lambar sirri.

Abin da nake gani zai fi amfani yana hannunmu. Iyaye su tambayi yaro labarin da yake karantawa, su bar shi ya ba su da bakinsa, domin a yadda ya bayar za a gane wanda yake so a ciki da dalilin son. Wanda bai iya karatu ba ya sa a karanta masa, kamar yadda Hajiya ta yi. Idan aka ci karo da wanda ke koyar da haɗa ƙwaya ko batsa tsirara, a hana, a kuma faɗi dalili. Waya kuma ta kwana a ɗakin uwa, wannan ba sai an yi nazarin adabi ba. Makarantun Islamiyya da na boko na unguwar nan su ajiye ko da akwati ɗaya ne na littattafan Hausa: Jiki Magayi, Kitsen Rogo, Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, sannan Ƙarshen Alewa Ƙasa ga waɗanda suka ɗan tasa. Yaron da ya ɗanɗana mai kyau shi da kansa zai fara raina marar kyau.

Ku kuma marubuta, 'ya'yana da ƙannena, ban ce ku daina duhu ba. Ku dai ba mugu dalili, ku bar ɓarna da muninta, ku nemi wanda zai duba muku rubutu kafin ku saki, ku san inda labari ya ƙare ku tsaya. Masu hazaƙa a cikinku su gwada gajeren labari, inda babu wurin ja da tsawo. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 don mata marubuta. Shafin nan ma a buɗe yake.

Na mayar wa Hajiya amsa kamar yadda na rubuta a nan: cikin tara, uku zan bar 'yata ta karanta, huɗu ɓata lokaci ne, biyu kuwa na ce a goge su a gabana. Ta ce ita dai da an goge duka ta fi samun natsuwa. Ban iya canza mata ra'ayi gaba ɗaya ba, kuma 'yarta ce. Amma ta yarda da sharaɗi: waya na kwana a wurinta, kuma duk sabon labari sai an ba ta shi a baki lokacin da ake tuƙa tuwo. Na ara wa yarinyar tsohon kwafina na Jiki Magayi. Bayan kwana biyu ta dawo da shi, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ni fa ban yarda Kyauta ne mai laifi ba." Na ce ta je ta rubuto min dalilinta a takarda. Har yanzu ina jira.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana unguwa.